Yadda ake gwada shafin shigar da bayanan ƙidayar makarantu kafin ranar buɗewa

Shafin da ya ƙi buɗewa ba ya ba ni tsoro. Kowa na ganinsa, waya za ta yi ta ƙara a ofis, kafin yamma an gyara. Wanda ke hana ni barci shi ne shafin da ke buɗewa lafiya lau, ya karɓi bayani, ya nuna maka koren rubutu cewa an adana, alhali ɗalibai 312 da shugaban makaranta ya rubuta sun koma 624 a rahoton ƙasa, ko kuma adadin mata ya faɗa gurbin maza ba wanda ya lura. Irin wannan kuskure ba ya kuka, kuma shi ake fita farauta idan aka ce za a yi gwaji.

Ba ƙaramin abu ke rataye a kan waɗannan alƙaluman ba. Da su ake rabon malamai da littattafai da kujeru, da su ake yanke inda za a gina sabbin ajujuwa. A Barazil, ƙidayar da hukumar INEP ke yi ta tsarin Educacenso tun 2007 ita ce ma'aunin rabon kuɗin asusun ilimi na Fundeb, wato kowane ɗalibi da aka ƙirga kuɗi ne. Daga irin wannan ƙidayar ce kuma ƙasashe ke aika alƙaluma ga cibiyar ƙididdiga ta UNESCO. Ko da manhajar OpenEMIS aka gina tsarinku, ko da DHIS2 na Jami'ar Oslo, ko 'yan kwangila ne suka rubuta shi daga tushe, matakan gwajin kusan ɗaya ne.

Mataki na 1: A tsayar da abin da ake ƙirgawa

Kafin ka taɓa kwamfuta, nemi takardar da ta fayyace ma'anar kowace tambaya da ke fom. Idan babu ita, zauna da masu ƙidayar ku rubuta. Ba za ka iya cewa shafi ya yi kuskure ba idan ba ka san daidai ɗin ba.

Abu na farko shi ne ranar da ƙidayar ke nufi. Ƙidaya hoto ce ta yini guda, ko da za a shafe wata biyu ana shigar da ita. Barazil na amfani da Larabar ƙarshe ta watan Mayu, Indiya kuma ta daɗe tana amfani da 30 ga Satumba a baya. Yaron da ya koma wata makaranta kwana uku bayan ranar, ina za a ƙirga shi? Dole amsar ta kasance a rubuce.

Sai kalmomi. Wane ne ɗalibi: wanda sunansa ke rajista, ko wanda ya zo ranar? Malamin da ke koyarwa a makarantu biyu fa, da mai aikin sa-kai? Kalmar "aji" kanta tarko ce, domin tana nufin ɗakin karatu, tana nufin matakin karatu, tana kuma nufin rukuni kamar 3A da 3B. Ka tambayi shugabannin makarantu uku "aji nawa gare ku?" za ka iya samun amsa iri uku, kuma duk gaskiya suka faɗa. Gefen kowace tambaya, a rubuta mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, da mafi yawa, da ko tilas ne a cike ta. Wannan takardar ce alƙalin duk gardamar da za ta biyo baya tsakaninka da masu rubuta manhajar.

Mataki na 2: A ware wurin gwaji

Ba a gwaji a kan rumbun bayanai na gaske. A kafa kwafin tsarin a wata saba dabam, saba kuwa ita ce babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan tana adanawa. Kwafin ya zama sak da na gaske a sigar manhaja da saiti, amma a sa masa wani jan layi ɓaro-ɓaro a sama mai cewa wurin gwaji ne, don kada wani ya kwana yana cike bayanan gaske a inda za a share. A kashe tura saƙon waya da imel zuwa waje. Kada kuma a kwafo sunayen yara na gaske da ranakun haihuwarsu don sauƙin aiki, domin wurin gwaji ya fi ko'ina yawan hannu da ƙarancin tsaro.

Mataki na 3: Ƙirƙiri makarantun da ka riga ka san amsarsu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Yawancin masu gwaji kan buɗe fom su yi ta buga 10, 10, 10 a kowane gurbi don su wuce. Idan maza 10 ne mata 10, ta yaya za ka gane shafin ya musanya su?

Ɗauki takarda da biro ka ƙirƙiri makarantu na bogi, kowace lamba ta bambanta da 'yar'uwarta. Ga misalin ta farko, mai aji uku:

Aji 1: maza 23, mata 19
Aji 2: maza 31, mata 28
Aji 3: maza 17, mata 26
Malamai: 4

Yi lissafin da hannunka: maza 71, mata 73, jimla 144, kowane malami na da ɗalibai 36. Rubuta wannan ka ajiye. Duk inda ka ga 26 daga baya, ka san matan aji 3 ne, ba ka buƙatar tambayar kowa. Idan rahoto ya nuna maza 73 mata 71, ka kama ɓarawonka, ko da yake jimlar 144 ba ta motsa ba.

Makaranta ɗaya ba ta isa ba. Ka samar da kamar goma sha biyu zuwa ashirin, ka raba su a gundumomi biyu ko uku na bogi, kuma ka cusa masu wuyar sha'ani da gangan: ta mata zalla, wadda dole gurbin maza ya zama sifili, mai malami ɗaya da ke haɗa aji biyu a ɗaki guda, mai zuwan safe da na yamma a gini ɗaya, babba mai ɗalibai sama da 3,000, sabuwa fil da ba ta da bayanan bara, wadda aka rufe a tsakiyar shekara, da makarantu biyu masu suna iri ɗaya a gundumomi dabam. Tsari kan yi kyau da makaranta mai tsari. Marasa tsarin ne ke tona masa asiri, kuma a kowace ƙasa suna da yawa.

Idan tsarinku na ɗaukar sunan kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya ne, ƙara da tagwaye masu sunan uba ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, da kuma yaro guda da aka yi wa rajista a makarantu biyu. Tsarin kirki zai bar tagwayen su wuce, ya ɗaga tuta a kan na biyun.

Mataki na 4: Shigar da gaskiya, ka bi sawunta har ƙarshe

Shiga da asusun shugaban makaranta, ka cike fom ɗin makarantar farko daidai yadda ke takardarka, ka adana, ka fita gaba ɗaya, ka rufe burauza. Dawo ka duba ko kowace lamba na gurbinta. Sannan ka aika.

Kada ka tsaya nan. Shiga da asusun jami'in gunduma ka ga abin da ya iso masa. Ya mayar da fom ɗin don gyara, ka canza 23 zuwa 24, ka sake aikawa. Yanzu jimlar gunduma ta ƙaru da ɗaya ne, ko kuwa an tara tsohon fom da sabo ta ƙaru da 145? Bi ta har matakin ƙasa, ka sauke rahoton a kowace siga da tsarin ke bayarwa, ka kwatanta da takardarka lamba bayan lamba.

Kula da lissafin kaso sosai, don nan masu rubuta manhaja suka fi zamewa. Makarantarmu ta farko na da ɗalibai 144 da malamai 4, wato 36. Ta biyu a ce tana da 900 da malamai 12, wato 75. Idan tsarin ya haɗa 36 da 75 ya raba biyu, zai ce 55.5. Daidai ɗin shi ne a haɗa ɗalibai 1,044 a raba da malamai 16, a samu 65.25. Tazarar kusan ɗalibai goma ce a kan kowane malami, kuma shafin ba zai taɓa nuna jan rubutu a kanta ba. Haka nan ka duba makarantar da ba ta da malami ko ɗaya a rajista: rabawa da sifili kan kayar da rahoton gunduma baki ɗaya.

Mataki na 5: Yanzu ka yi wa shafin ƙarya

Tunda ya iya karɓar gaskiya, sai a ga ko zai iya ƙin ƙarya. Bi gurbi-gurbi. Inda ake son lamba, sa harafi, sa -5, sa 12.5, sa harafin O a madadin sifili, sa lamba da fili a gabanta kamar yadda takan zo idan an kwafo ta daga wani wuri. Rubuta 1,200 da waƙafi, ka ga ko zai ɗauke ta dubu da ɗari biyu, ko 1, ko 1.2. Idan ƙa'ida ta ce daga 0 zuwa 200, gwada 0 da 200 da 201, domin a bakin iyaka kuskure ke fakewa.

Bambancin sifili da gurbin da aka bari fayau ya cancanci yini guda shi kaɗai. Sifili na nufin an duba babu. Fayau na nufin ba a amsa ba. Tsarin da ke mayar da fayau sifili zai nuna makarantu ba su da rijiya alhali tambayar kawai aka tsallake. Akasin haka ma na faruwa. A wani aiki da na taɓa sa hannu, gurbin adadin banɗaki ya ƙi karɓar sifili, yana cewa dole a cike. Ina tsaye bayan wata shugabar makaranta a zaman gwaji, ta buga 0, ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Ta ɗan waiwayo ta dube ni, ta ga ban ce komai ba, sai ta buga 1 ta wuce abinta. Makarantarta kuwa ba ta da ko ɗaya. Da an buɗe shafin a haka, da rahoto ya fito yana shelar cewa kowace makaranta na da banɗaki, kuma da ba wanda zai zargi manhajar.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne ƙa'idar da ta cika tsauri tana koya wa mutane ƙarya. Don haka a raba ƙa'idoji gida biyu. Akwai abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, kamar ranar haihuwa ta gobe, ko masu maimaita aji su fi 'yan ajin yawa. Wannan a tare shi. Akwai kuma abin mamaki da kan iya zama gaskiya, kamar ɗan shekara 14 a aji ɗaya, ko ɗalibai 130 a ɗaki guda, ko makaranta ta ninka adadinta na bara. Wannan a yi gargaɗi, a ba da wurin rubuta dalili, a bar shi ya wuce. Haka tsarin ƙidayar makarantun Ingila ke yi, yana rarrabe kuskure da abin da ke neman bayani kawai. Kai mai gwaji, aikinka shi ne ka tabbatar kowace ƙa'ida na gidan da ya dace da ita.

Kwanan wata ma wani rami ne. Sa 03/04/2016 ka ga ko 3 ga Afrilu ya fahimta ko 4 ga Maris. Gwada 29 ga Fabrairu 2024, wadda ta halatta, da 29 ga Fabrairu 2023, wadda babu ita. Duba yadda ake lissafa shekarun yaro: daga ranar ƙidaya ya kamata, ba daga ranar da aka shigar da bayanin ba. Yaran da ba a san ranar haihuwarsu ba fa, akwai hanyar da aka tanadar musu, ko za a tilasta wa malami ya ƙirƙira?

Sai sunaye. Rubuta suna mai ƙ da ɗ da ɓ, ka adana, ka sauke rahoton, ka ga ko sun dawo lafiya ko sun koma alamar tambaya. Idan sun lalace, wani wuri a hanya ba ya amfani da tsarin haruffa na UTF-8. Rubuta suna mai alamar ɗauri irin Sa'adatu ko Mu'azu. Idan shafin ya faɗi a kan wannan 'yar alamar, kada ka ɗauke shi ƙaramin abu, domin ta wannan kafar ce masu kutse ke cusa umarni cikin rumbun bayanai. Gwada suna mai tsawon gaske, da na mutumin da suna ɗaya tak gare shi.

Idan fom na neman wurin da makaranta take a taswira, musanya lambobi biyun da ke nuna wurin ka gani ko zai lura makarantar ta bar ƙasar. Sa 0 da 0 ma: wannan wuri a tsakiyar teku yake, a mashigin Gini, kuma na'urar da ta kasa samun tauraron ɗan'adam takan aika shi a matsayin amsa.

Ƙarshe a wannan matakin, karanta saƙonnin kuskuren da kansu. "An samu matsala" ba saƙo ba ne. Saƙon kirki zai ce jimlar aji 2 ba ta yi daidai da maza da mata ba, ya kuma kai mutum wurin.

Mataki na 6: Lalata intanet da gangan

A ofis, da intanet mai gudu da babbar kwamfuta, komai zai yi kyau. Wanda zai cike fom ɗin kuwa wataƙila da ƙaramar waya zai yi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Burauzar Chrome na da kayan aikin masu gina shafi inda za ka rage gudun intanet da gangan, amma ya fi kyau ka nemo tsohuwar waya mai ƙaramar fuska ka gwada da ita.

Cike rabin fom ka katse intanet. Me ya saura? Danna maɓallin aikawa ka katse a daidai lokacin da yake juyawa, ka dawo ka ga ko ya tafi, ko bai tafi ba, ko rabi ya tafi. Danna shi sau uku a jere kamar yadda duk mai gajen haƙuri zai yi, sannan ka ƙirga fom nawa suka isa saba. Daga nan ne 312 ke zama 624. Bar fom a buɗe na awa guda kamar an kira ka wani uzuri, ka dawo ka ci gaba: idan lokacin shigarka ya ƙare, shin ya adana abin da ka rubuta, ko sai ka gama shafi biyar sannan ya jefo ka waje hannu rabbana? Danna maɓallin komawa baya. Buɗe makaranta ɗaya a na'ura biyu, ka canza lamba ɗaya a kowacce, ka ga ta wa za ta tsaya da ko an sanar da ɗayan.

Idan akwai manhajar waya mai aiki ba intanet, irin yadda ODK da KoboToolbox ke yi, cike makarantu uku a haka, kashe wayar, kunna, sannan ka haɗa. Karkatar da agogon wayar da kwana biyu ka sake gwadawa.

Mataki na 7: Loda fayil

Manyan makarantu za su so su loda jerin ɗalibai daga Excel maimakon bugawa ɗaya-ɗaya, kuma Excel na da halayensa. Yana cinye sifilin farkon lamba. Lambar makaranta a tsarin UDISE na Indiya, alal misali, lambobi 11 ce, kuma ta wasu jihohi da sifili take farawa; da zarar sifilin ya faɗi, makarantar ta ɓata. Lambar da tsawonta ya wuce lambobi 15 kuma yana mayar da na ƙarshenta sifili. Tsohuwar sigar fayil ta XLS layi 65,536 kawai take ɗauka, kuma wannan iyakar ce ta sa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake mutum 15,841 da suka kamu da korona a 2020, ba tare da wata ƙararrawa ta buga ba.

Don haka ka shirya fayil mai layi 500, ka lalata layi na 250 da gangan, ka loda. Tsarin ya ƙi duka, ko ya ɗauki 499 ya faɗa maka wanda ya bari. Duka biyun sun halatta. Abin da bai halatta ba shi ne ya ɗauki 249 ya ce an gama. Loda fayil ɗaya sau biyu. Sauya jerin ginshiƙan. Kullum ka ƙirga: nawa suka shiga, nawa suka isa.

Mataki na 8: Wa ke iya ganin me

Shiga a matsayin makarantar farko, ka dubi adireshin shafin a saman burauza. Idan lambar makarantar na ciki, canza ta zuwa ta maƙwabciyarta. Idan bayanan maƙwabciya suka buɗe, a dakatar da komai sai an toshe. Ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne, saba ce dole ta ƙi. Gwada ko jami'in wata gunduma na iya taɓa ta wani, ko ana iya gyara fom bayan an rufe ƙidaya, da ko tsarin na rubuta wanda ya canza lamba da lokacin da ya canza da abin da ke wurin a da. Kada ka manta da hanyar sake kalmar sirri, don ita ce za ta fi kowace cunkoso a makon farko.

Mataki na 9: Gwajin cunkoso

Mutane ba sa cike fom a ranar farko, sai wa'adi ya ƙarato. Yi lissafinka a kan haka. A ce makarantu 20,000 ne, rabinsu suka bari sai kwana biyun ƙarshe: 10,000 a cikin awa 16 na aiki, wato 625 a kowace awa. Idan kowa na ɗaukar minti 40, mutum sama da 400 ne a kan shafin lokaci guda. Ninka wannan sau uku, domin ba a jere suke zuwa ba, sannan ka sa manhaja irin JMeter ko Locust ta kwaikwayi wannan taron. Ta riƙa shiga da adanawa da aikawa, ba buɗe shafin farko kawai ba, kuma a lokacin wani ya nemi babban rahoton ƙasa, don shi ya fi wahalar da rumbun bayanai. Ci gaba da ƙarawa har sai ya faɗi, ka san iyakarsa, ka kuma duba ko abin da aka adana kafin faɗuwar na nan.

Ƙasashe masu hali ma sun sha kunya a nan. A daren 9 ga Agusta 2016 aka sauke shafin ƙidayar jama'a na Ostireliya bayan hare-haren cunkoso da aka kai masa, bai dawo ba sai bayan kusan kwana biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin wannan makon kuma a gwada maido da ajiyar ko-ta-kwana: a goge rumbun gwajin, a dawo da shi daga ajiya, a duba agogo a ga awa nawa ya ci.

Mataki na 10: Kawo masu aikin na gaske, ka kama bakinka

Gayyato shugabannin makarantu da magatakarda kaɗan, biyar zuwa takwas sun isa a zagaye ɗaya, amma kada a zaɓo gwanayen kwamfuta zalla. A samu dattijon da tabarau ke ba shi wahala, a samu wadda ba ta taɓa cike fom a waya ba. Ba su takardar makarantar bogi da na'urar da suka saba da ita, ka ce, "Malam, ga shi, a cike mana kamar yadda za a yi a makaranta." Sannan ka koma gefe da littafinka.

Abu mafi wuya shi ne yin shiru. Za ka ga mutum na neman maɓallin da ke gaban idonsa, bakinka na ƙaiƙayi. Kada ka taimaka, domin ranar ƙidaya ba ka nan. Rubuta inda ya tsaya, inda ya koma baya, tambayar da ya karanta sau biyu, da mintin da ya ɗauka. Idan ka tambaye su a ƙarshe za su ce ai ya yi kyau, don kara. Abin da hannunsu ya yi shi ne shaida. Idan mutum uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin wurin ne.

Bayan wannan, a yi gwajin fili a gunduma ɗaya ko biyu da bayanan gaske a kan tsarin gaske mai cikakken tsaro, sannan a zaɓi wasu makarantu a je a buɗe rajistarsu a kwatanta da abin da ya iso.

Mataki na 11: Rubuta matsala, gyara, sake gwadawa

Kowace matsala a rubuta ta yadda wanda bai gani ba zai iya maimaita ta: asusun da aka shiga da shi, na'ura da burauza, abin da aka danna bi da bi, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru, da hoton fuskar na'urar. "Ba ya aiki" ɓata lokacin kowa ne.

Wajen jera su, ni ban yarda a sa abin da ya fi muni a ido a gaba ba. Duk abin da ke ɓatar da bayani, ko canza shi a ɓoye, ko nuna shi ga wanda bai kamata ba, shi ne sahun farko, kuma ba a buɗe shafi da ko ɗaya daga cikinsu a raye. Abin da ke hana mutum gama fom ya biyo baya. Rubutun da ya karkace da launin da bai yi kyau ba su jira. A rubuta waɗannan sharuɗɗan a sa hannu tun kafin a fara gwaji, saboda idan ranar buɗewa ta matso kuma an riga an sanar a rediyo, za a matsa maka ka ce komai ya yi, a yi kitso da ƙwarƙwata.

Duk lokacin da aka kawo gyara, kada ka duba wurin gyaran kaɗai. Ɗauko makarantunka na bogi ka sake shigar da su daga farko, ka ga ko 71 da 73 da 144 na nan, don gyaran wani wuri kan ɓalle wani. Idan zagayen ya yi yawa, a sa manhajoji irin Selenium ko Playwright su riƙa maimaita shi da kansu kowane dare.

Kwana biyu ko uku kafin buɗewa a daina taɓa manhajar. A tabbatar jerin makarantun da aka loda a tsarin gaske ya yi daidai da na ma'aikatar ilimi a adadi da lambobi, a rufe duk asusun gwaji, a canza kalmomin sirrin da 'yan kwangila suka sani. Da safiyar ranar, shigar da makarantar bogi guda ɗaya a tsarin gaske, ka bi ta har rahoton ƙasa, sannan ka goge ta ka sake buɗe rahoton ka tabbatar jimlar ɗalibai ta koma yadda take kafin ka shigar da ita.